Ranar da Wanzami Ya Ƙi Yafe wa Kawu

Masu zuwa gaisuwar Kawu iri biyu ne, kuma tun daga bakin zaure nake gane su. Akwai wanda zai tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce ya haƙuri, ya yi addu'a ya shafa ya tashi. Akwai kuma wanda bakinsa na addu'a, idonsa na leƙen bayan gida, wajen rumfar nan da aka lulluɓe da buhunan algarara. Su ne suka fi yawa. Wata tsohuwa daga Rurum Sabon Gari, wadda rabonta da gidan tun bikin autar Kawu, sai da ta nemi a nuna mata makewayi sau biyu, don kawai hanyar makewayin ta gaban rumfar take bi. Wani direba mai jigilar Kano ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Malam, to yanzu abin nan wa zai riƙa ba shi abinci?" Na ce masa ƙuda ne abincinsa, kuma ƙuda bai ƙare a Saji ba. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce Allah ya sa haka ne.

Ina jin haushinsu, amma ba ni da bakin magana. Ni kaina mutum ne mai zargi, na san halina. In mutum ya gaishe ni sau biyu a yini, sai na tsaya ina lissafin abin da yake nema a wurina.

Abin da ya cika gidan da 'yan kallo ba rumfar ba ce kaɗai. Abin da ya faru ne a wurin jana'iza. Kawu ya cika da safe, cikin tsananin zafin bazara, kafin azahar an shirya shi an fito da makara ƙofar gida. Babban ɗansa ya miƙe kamar yadda aka saba, ya ce, "Jama'a, ga mahaifinmu. Duk wanda ya taɓa ɓata wa rai, don Allah ya yafe masa." Sahu ya amsa gaba ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Amsar ba ta gama sauka ba sai wata murya ta fito daga ƙarshen sahun farko, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Ni ban yafe ba."

Baba Wanzami ne, abokin Kawu tun suna yara. Wuri ya ɗauki salati. Liman ya tako har gabansa ya ce, "Haba Malam, gawa ce fa a gabanmu." Ya ce, "Na gan ta, Liman. Zan sallace shi, zan raka shi, zan zuba masa ƙasa da hannuna. Amma ya ɗora mini abin da ban yi ba a gaban mutane, ya tafi bai sauke ba. Wanda ya yi abin kuma yana nan da ransa, wataƙila ma yana jina."

Ina sahu na biyu. Har yau ban sani ba ko ya dube ni, ko tsorona ne ya nuna mini haka. Ni ne wanda ya yi abin.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a riƙa tuna Kawu da maganar 'yan leƙen rumfa, don kuma a san yadda aka yi mutumin kirki ya shiga kabari da hakkin amininsa a wuya.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Shekara talatin da wani abu ya yi a Kudu yana aikin lambu a wani wurin binciken tsirrai. Bai yi boko ba, amma ɗaliban jami'a a gabansa suke tsugunawa su koyi yadda ake sa reshe ya yi saiwa. Da ya yi ritaya ya dawo Saji da akwatin ƙarfe ɗaya, da almakashi, da wata ɗabi'a da ta ishi kowa: duk ruwan da aka ba shi sai ya kurɓa ya juya shi a baki, sannan ya tambayi daga wace rijiya aka ɗebo. Rijiyar gidanmu ya ce tana da zartsi. Mu da muka girma muna sha ba mu taɓa ji ba, muka ce iyayin 'yan Kudu ne ya kwaso.

Mangwaro ɗan aure da ke gidaje da yawa daga nan har Kibiya, hannunsa ne. Ba ya jira a roƙe shi. Yana wucewa ya ga bishiya ba ta da kirki sai ya yi sallama ya ce, "Maigida, wannan mangwaron naka zare ne zalla, bari in yi masa aure." Ya ɗaure ya tafi, ko ruwa ba ya tsayawa sha, wanda ma ya fi wa masu gidan sauƙi.

Shekarar da mulki ya dawo hannun farar hula, wata mata ta zo da mota har ƙofar gida. Tsohuwar ɗalibarsa ce, ta zama dakta a fannin tsirrai, mu ma Dakta muke ce mata. Ta sauke kwali biyu, a ciki akwai wasu tsirrai goma sha biyu da ban taɓa ganin irinsu ba. Ganyen dogo ne, a ƙarshen kowane ganye wani zare ya sauko, a ƙarshen zaren kuma ga ɗan tulu a rataye, da bakinsa ja, da murfinsa a sama, da ɗan ruwa a ciki. Kiyashi ko ƙuda in ya hau bakin sai santsi ya kwashe shi ya faɗa, ruwan ya narkar da shi, tsiron ya sha. Ta ce asalinsa daga wasu tsibirai ne can ƙetaren teku, kuma dazukan da yake fitowa ana ta sare su, shi ya sa masu bincike suke rarraba shi wurare daban-daban don kada irin ya ɓace. Nasu na jami'a yajin aiki ya kusa kashe su, ba wuta ba ruwa. Tana so Kawu ya riƙe mata waɗannan, ya kuma gwada ko za su yaɗu a ƙasa mai zafi irin tamu ba tare da injin komai ba.

Tun a ranar na sa mata ayar tambaya. Mace ta tuƙo mota tun daga Kudu don ta kawo wa tsoho ciyawa? Na ce a raina akwai abin da ba ta faɗa ba. Kawu kuwa ya karɓa da hannu biyu ya ce amana ce. Ya sa masa suna Mai-tulu.

Ya kafa rumfa a bayan gida, ya kewaye da zana, ya rataya buhunan algarara yana jiƙa su safe da yamma, ya malala yashi a ƙasa. In ka shiga sai ka ji wata laima ta rufe ka kamar ka leƙa cikin randa. Ba ya dasa su a ƙasa. Ɓawon kwakwa yake sa direbobi su kawo masa daga Kano, ya daddatsa, ya jiƙa ya zubar har sau bakwai, ya haɗa da gawayi da wankakken yashi. Taki kuwa ko na akuya bai yarda ya kusanci rumfar ba. Ruwan da yake zuba musu na sama ne kawai. In hadari ya haɗo, tsohon da ke tafiya da ƙyar sai ka gan shi da gudu. Zai bari ruwan farko ya wanke kwanon rufi, sannan ya tara a indararo, ya cika randuna tara ya rufe ya ɗaure bakinsu da tsumma. Inna, matarsa, ta sha cewa da za ta faɗi da ƙishirwa a tsakar gida, sai ya tsallake randunan nan ya je rijiya ya ɗebo mata. Ya ce, "Ke ai kin saba da zartsi."

Kuma kowa ya zo, tambaya ɗaya ce: "Ka wanke hannu?" Ya yi wa mai unguwa ita, ya yi wa Dakta kanta.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya ɗauki zafi, kowa ya zama mai sa ido a kan maƙwabcinsa. Wasu samarin unguwa da suka ɗora wa kansu gyaran tarbiyya suka ji labarin tsoho mai randuna tara a rufe da ƙananan tuluna masu ruwa, suka ce giya ake dafawa. Suka zo su shida bayan la'asar, fuska a murtuke. Ni da na gan su har na fara tattara hannun riga. Kawu ya fito da buta da sabulu ya ce, "Bismilla, 'ya'yana, amma sai kun wanke hannu." Suka dubi juna, suka wanke. Ya buɗe musu randunan ɗaya bayan ɗaya suka shinshina. Ya shigar da su rumfa, ya kamo kiyashi ya ɗora a bakin wani tulu, suka sunkuya suna kallo har ya zame ya faɗa. Babbansu ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ikon Allah." Washegari Kawu ya je gidan uban yaron ya yi wa mangwaronsu aure.

Maganar giya ta mutu, amma wadda ta fi ta muni ta taso, kuma a kan Baba Wanzami ta faɗa.

Mai-tulu da reshe ake yaɗa shi, kuma yankan yana son kaifi da tsabta da hannun da ba ya rawa. Kawu ya ce duk ƙasar Rano ba mai hannu irin na abokinsa. Ranar yanka sai Baba Wanzami ya zo da zabirarsa, ya zaro aska ya gasa ta a wuta, Kawu ya riƙe reshen ya nuna masa ƙasan gaɓa, shi kuma ya shafta a karkace sau ɗaya tak. Sai a rage rabin ganyen, a cusa a ɓawon kwakwa, a kifa farar leda, a yi wata biyu ana jira. Suna yi suna tsiya.

"Sarkin Aska, a hankali, wannan ba ƙeyar Bafulatani ba ce."

"Rufe mini baki, Mai-lambu. Na yi wa rabin garin nan kaciya ba wanda ya kawo ƙara, sai ciyawarka?"

Da hannun nan biyu goma sha biyu suka zama arba'in da uku. Dakta ta zo ta gani, ta yi ta ɗaukar hoto tana rubutu.

To, mutane sun ga wanzami yana shiga rumfa da zabira yana fitowa. Sun kuma ji cewa tsiron nama yake ci. Ba a daɗe ba aka haɗa biyun: wai jinin da yake tsotsa in ya yi wa mutum ƙaho, ba binne shi yake yi ba, Mai-tulu yake kai wa. Ban san bakin da ya fara faɗa ba, ko da yake ina da mutum uku da nake zargi har gobe. Masu zuwa a yi musu ƙaho suka ɗauke ƙafa. Aka haihu a gidan da shi ya yi wa kakan jaririn aski, aka kira wani wanzami daga Rano. Wata mata ta aiko a tambaye shi inda ya kai gashin ɗanta. Mutumin da aka saba shigar da shi har ɗakin mai jego ya zama in ya doso sai a janye yara.

Ranar wata kasuwar Rano, da yamma, a majalisar ƙofar masallaci, abin ya fashe. Baba Wanzami ya ce, "Mai-lambu, ciyawarka ta cinye mini sana'a. Ka mayar wa matar nan kayanta." Kawu ya ce amana ba a mayar da ita don surutun banza, ya yi haƙuri zance zai wuce. Baba Wanzami ya ce, "Kai kake da haƙuri, tunda ba kai ake gudu ba! Wallahi ko ka rabu da ita, ko wata rana in zuba mata gishiri kowa ya huta." Mutum fiye da goma suka ji, har da ni. Kowa ya san maganar zafin rai ce. Bayan kwana biyu ma na gan su tare suna cin goro.

Cikin watan nan aka kai Kawu Kano za a cire masa yanar ido. Ya kira ni ya damƙa mini mabuɗin rumfa. Lokacin ina da shekara talatin da huɗu, ina koyar da aikin gona a firamare a Unguwar Gai, ina da takardata, kuma ina ji da ita. Shi ya sa yake kirana Malamin Gona, rabi yabo rabi tsiya. Ya ce, "Malamin Gona, ruwan randa kawai. Ka jiƙa buhu da na rijiya, amma tukunya ruwan randa. Kada ka ƙara komai, kada ka rage komai."

Kwana uku na yi yadda ya ce. A na huɗu na tsaya ina kallonsu, sirara, ganye ɗan fari-fari, suna zaune cikin ɓawon kwakwa ba ko ƙwayar ƙasa. Duk abin da na sani, duk abin da nake rubuta wa yara a allo, yana ce mini yunwa ce ke damunsu. Sai tsohon zargina ya motsa. Na ce ai ga abin da Dakta ta ɓoye: ta hana tsoho sa taki ne don kada su yi girma ya gane darajarsu, ta bar shi yana bauta, ita tana can tana yin suna da hotuna. Shekarar zaɓe ce, an raba takin zamani a mazaɓa, ina da rabin buhun yuriya a ɗaki. Na ɗebi cikin tafin hannu biyu na narkar a bokiti, da ruwan rijiya ma, don na ga randunan sun yi ƙasa na ce in yi masa tattali. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na shayar. Ina yi ina murmushi, ina hango fuskar Kawu in ya buɗe sabon idonsa ya ga sun yi kore shar. Bayan kwana biyu na ƙara.

Abin da ban sani ba, kuma da na tambaya da an gaya mini, shi ne tsiron nan a ƙasar da ba ta da abinci ya saba rayuwa, shi ya sa ma yake kama ƙwari. Saiwarsa ba ta ɗaukar taki, ƙone ta yake yi. Tulunan suka fara bushewa daga baki. Ganye ya yi baƙi daga gefe. Na yi ta kwarara ruwan randa, ina! Ranar da Kawu ya dawo, da auduga a ido ɗaya, bai ko zauna ba ya wuce rumfa. Ya daɗe a tsaye. Ya sunkuya ya lakato wani farin abu da ya bushe a kan ɓawon kwakwa ya ɗora a harshe.

"Gishiri," ya ce.

Ya juyo da idon nan guda ya dube ni. "Wa ya shigo nan?"

Na ce, "Ban ga kowa ba, Kawu."

Ban yi shirin faɗar haka ba, fitowa ta yi. Kuma na ga lokacin da maganar ƙofar masallaci ta faɗo masa, na ga fuskarsa ta sauya, na yi shiru. Baba Wanzami kaɗai ya san inda zanar baya take ɗagawa.

Kawu bai yi hayaniya ba, da ma ba ya yi. Ya taka har ƙofar gidan abokinsa, mutane na zaune, ya ce, "Sarkin Aska, ka cika alkawari. Na gode." Baba Wanzami ya miƙe yana rantsuwa, har ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Kawu ya juya ya tafi. Ranar Juma'ar da ta biyo ya hau mota zuwa Rano, ya miƙa wa wani wanzami kan da hannu ɗaya ne ke aske shi tun dawowarsa daga Kudu. Wannan ya fi zagi ciwo, kuma duk gari an gani.

Bakwai suka rayu cikin arba'in da uku. Kafin Dakta ta zo Kawu ya riga ya wanke saiwarsu ya sake musu ɓawo, ya ce mata gishiri aka zuba. Ta tambayi wanda ya riƙe mabuɗi, aka nuna ni. Ta dube ni ta ɗan jima, ta ce Allah ya kiyaye gaba. Tun daga ranar in ta zo sai in ƙirƙiri aiki a makaranta.

Shekara huɗu suka yi ba sa magana. Masallaci ɗaya, sahu ɗaya, wannan a wancan ƙarshe, wancan a wannan. Kawu ya koma yanka da reza, hannunsa na rawa, yankan ya riƙa tauna reshen, goma in ya dasa da ƙyar ɗaya ya kama, wani tsohon tsiron kuma ya mutu. Bai ƙara wuce bakwai ba. Na sha ganinsa ya riƙe reshe ya nuna ƙasan gaɓa da yatsa, ya ɗan jira, kamar akwai wanda zai shafta.

Sau nawa na yi niyyar faɗa? Da farko tsoro ne. Daga baya kunya, don kowane wata da ya wuce ƙara wa maganar nauyi yake yi. Akwai ranar da na shiga rumfar na riga na haɗa kalmomina, na ce, "Kawu, akwai maganar da nake so mu yi." Ya ce, "Ni ma akwai." Ya ciro mabuɗi daga aljihu ya sa mini a hannu ya ce, "Ƙarfina ya tafi. In ta Allah ta kasance, kai za ka riƙe su. Duk garin nan kai kaɗai na yarda da kai a kansu. To, mece ce taka maganar?" Na ce a kan gyaran zana ne.

Wannan shi ne abin da ke cikina ranar da muka dawo daga maƙabarta.

A cikin gida Inna ba kukan mutuwa take yi ba. Da na shiga gaishe ta ta kama hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, mutumin da bai taɓa cin ƙwayar gero ta wani ba, yau yana kwance da hakki a wuyansa. Ku je ku ba Wanzami haƙuri, ko durƙusawa ce ku yi." Dattawa sun je, Liman ya je, babban ɗan Kawu ya je har da kuka. Amsa ɗaya yake ba su: ba haƙuri yake nema ba, a wanke shi.

Kwana biyu ina zaune a kan tabarmar makoki ina karɓar gaisuwa, duk wanda ya ce mini ya haƙuri sai in ji kamar ya san komai. Da safiyar rana ta uku na buɗe rumfa don in shayar da bakwai ɗin nan, na je ɗiban ruwa na tarar da randunan nan tara a buɗe, sun ƙare ƙaf. Matan da suka zo taya aiki sun ga ruwa mai sanyi a rufe, ga baƙi, ga zafi, sun yi girki da shi sun cika butoci. Ba wanda ya hana su, mai hanawar ya tafi. Damina kuma da sauran wata biyu. Na tsaya a tsakiyar rumfar na ga na kashe talatin da shida da hannuna, sauran za su bi su, mai su kuma yana can ana tsare da shi a kan laifina. Na fito ban ko rufe ƙofa ba.

Na sami Baba Wanzami a zaurensa yana wasa aska, ko da yake ban san kan wa zai aske ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ne." Na faɗa masa duka, da yuriya, da bokiti, da ban ga kowa ba. Bai daina wasa askar ba sai da na kai ƙarshe.

Ya ce, "Shekara huɗu."

Na ce, "Eh, Baba."

"Kana wucewa ta ƙofar nan kana ce mini ina wuni."



Ya ce, "Na zargi mutum bakwai a garin nan. Har Liman na zarga, Allah ya yafe mini. Kai ban taɓa kawo ka ba." Ya ninke askar ya sa a zabira. "A gaban mutane aka ɗora mini. A gaban mutane za ka sauke."

Bayan an yi addu'ar uku an shafa, kafin a fara raba gumba, na miƙe. Ga abokan aikina daga Unguwar Gai, ga iyayen yaran da nake koya wa yadda ake sa taki, ga Dakta a bakin zaure ta iso da safen nan. Na faɗa da ƙarfi yadda na baya za su ji. Na ƙara da cewa jinin ƙaho bai taɓa shiga rumfar nan ba, in akwai abin da ya taɓa cutar da wani a cikinta, ni ne. Babban ɗan Kawu ya sunkuyar da kai, har yau bai ɗago ya dube ni sosai ba.

Baba Wanzami ya dafa bango ya tashi. Ya fuskanci wajen maƙabarta kamar mai magana da wanda ke tsallaken titi, ya ce, "Mai-lambu, na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini bakina." Daga cikin gida na ji Inna ta saki kukan da ta riƙe kwana uku.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ba shi inuwa da ruwan da ba shi da zartsi. Ya yi zargi sau ɗaya a rayuwarsa, kuma ni na sa masa shi a baki.

Da jama'a suka watse, Baba Wanzami ya yafito ni. Na bi shi har bayan gidansa. A ƙarƙashin indararo ga randuna uku, bakinsu ɗaure da tsumma. Ya ce tun shekarar farko Kawu ya roƙe shi ya riƙa tara masa, don rufinsa ya fi tsabta. Bayan sun ɓata bai daina ba. Duk damina sai ya bari ruwan farko ya wuce, ya cika, ya ɗaure, in shekara ta zagayo ba wanda ya zo ɗauka ya zubar ya sake tarawa.

"Na ji matan sun shanye nasa," ya ce. "Kawo jarka ka ɗiba. Ranar yanka kuma ka aiko, kada ka sa musu reza."

Na durƙusa na ce, "Baba, ni fa? Ka yafe mini?"

Ya ɗaga murfin randar farko ya leƙa, ya mayar.

"Shi na yafe wa," ya ce. "Kai ruwa na ba ka. Ka wanke hannu?"